Ƙarfe, Folik Asid da Zink: Aikin Kowanne a Yaƙi da Ƙarancin Jini

Ƙarancin jini yanayi ne da himogulobin ke yin ƙasa da abin da jiki ke buƙata. Himogulobin shi ne jan sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma shi ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai wa ƙwaƙwalwa, zuciya, tsoka da sauran gaɓoɓi. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana aiki da shi shi ne giram 13 a kowace desilita ta jini ga namiji baligi, giram 12 ga mace, giram 11 ga mai juna biyu. Wanda nasa ya gaza haka yana da ƙarancin jini, idan kuma na mai ciki ya sauka ƙasa da giram 7, lamarin ya yi tsanani. A asibitocin Najeriya an fi sabawa da gwajin PCV, wanda ke nuna kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, kuma PCV 33 ya yi kusan daidai da giram 11.

Alƙaluman hukumar na shekarar 2019 sun nuna cewa kashi 40 cikin 100 na yaran duniya 'yan wata 6 zuwa 59, da kashi 37 na masu juna biyu, da kashi 30 na matan da ke shekarun haihuwa, suna fama da matsalar. A Najeriya abin ya zarce haka nesa ba kusa ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya samu ƙarancin jini a kashi 68 na ƙananan yara da kashi 58 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49. Wato matan da jininsu ya cika su ne marasa rinjaye.

Cuta ce mai shigowa sannu a hankali, shi ya sa ake raina ta. Mace ta riƙa jin kasala, jiri idan ta miƙe, haki idan ta ɗauko ruwa ko ta yi daka, bugun zuciya da ciwon kai, sai ta ɗora laifin a kan aikin gida ko laulayi. Ma'aikaciyar lafiya kan ja fatar idon ƙasa ta duba: inda ya kamata a ga ja sai a ga ya dashe, haka tafin hannu da harshe da ƙarƙashin farce. Akwai kuma alamar da ba a cika danganta ta da jini ba, wato kwaɗayin abin da ba abinci ba, kamar cin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara, wanda sau da yawa kan tafi da kansa idan an cike giɓin ƙarfe. Illar ba a gajiya ta tsaya ba. Mai ƙarancin jini ba ta iya jure zubar jinin haihuwa da wata za ta jure ta tashi. Wani nazari da aka buga a 2018 kan bayanai daga ƙasashe 29 ya nuna cewa haɗarin mutuwar mai ciki ko mai jego kan ninka biyu idan ƙarancin ya yi tsanani. Ga jariri akwai haɗarin zuwa bakwaini ko da ƙarancin nauyi, ga yaro mai tasowa kuma rashin ƙarfe na taɓa ci gaban ƙwaƙwalwa.

Inda jinin ke tafiya

Rashin ƙarfe shi ne babban musabbabi, amma bai wuce kusan rabin matsalar ba, a yankunan da cututtuka suka yi yawa ma bai kai haka ba. Zazzaɓin cizon sauro na farfasa jajayen ƙwayoyi. Tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa na maƙale wa hanji tana tsotsar jini kullum. Tsargiya, wadda yara ke ɗauka a kududdufai da fadamu, na fitar da shi ta fitsari. Ga amosanin jini, ga ciwon ƙoda, tarin fuka da cuta mai karya garkuwar jiki, ga rashin folet da bitamin B12 da bitamin A. Sai kuma zubar jini ta hanyoyin da aka saba da su har aka daina kallonsu a matsayin ciwo: al'ada mai yawa, haihuwa kusa da kusa, basir, gyambon ciki, da yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, ibuprofen da asfirin, waɗanda ke iya sa ciki ya riƙa tsatsar da jini ba a sani ba.

Saboda haka gwaji ke gaba da magani. Cikakkiyar ƙidayar jini na nuna girman ƙwayoyin: idan ƙanana ne kuma sun dashe, an fi zargin rashin ƙarfe, idan kuma sun yi girma fiye da kima, an fi zargin folet ko B12. Gwajin feritin na nuna ƙarfen da ke ajiye a jiki, ko da yake zazzaɓi da kumburi kan ɗaga shi ya ɓoye gaskiyar. Ba wa mai tsutsar ciki ƙwayar ƙarfe ba tare da an kashe tsutsar ba tamkar zuba ruwa ne a randa mai yoyo.

Ƙarfe

Jikin baligi na ɗauke da giram 3 zuwa 4 na ƙarfe, kusan kashi biyu cikin uku a cikin himogulobin. Jar ƙwayar jini na rayuwa kimanin kwana 120. Idan ta tsufa sai saifa da hanta su farfasa ta, a mayar da ƙarfen ɓargo a yi sabuwa da shi. Jiki na tattalinsa ƙwarai: abin da namiji ke asara bai wuce miligiram 1 a rana ba, mace mai al'ada kuma kusan ninkin haka. Ciki ne ke sauya lissafin. Daga shigarsa zuwa haihuwa ana buƙatar kusan miligiram 1,000, domin ƙarin jinin uwa, da mabiyiya, da ajiyar da jariri zai fito da ita. Mata ƙalilan ne ke shiga ciki da ajiyar da ta kai ko rabin wannan, kuma yarinyar da ta ɗauki ciki alhali ita ma ba ta gama girma ba tana ɗauke da buƙata biyu a jiki ɗaya.

Ƙarfen abinci iri biyu ne. Na nama, hanta, kifi da kaza hanji na shan kashi 15 zuwa 35 na abin da aka ci. Na tsirrai, wato wake, daddawa, zogale, alayyafo, rama da hatsi, abin da ake sha bai kai haka ba, wani lokaci ƙasa da kashi 5. A nan matsalar abincin ƙasar Hausa take. Gero da dawa na da ƙarfe daidai gwargwado, sai dai suna tafe da sinadarin faitet, wanda ke ɗaure ƙarfe da zink ya hana hanji shansu. Shayi da kofi ma na da nasu sinadarin mai wannan aiki. Jiƙa hatsi, tsirar da shi ko barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa kamu, na rage faitet, bitamin C kuma na ƙara yawan abin da ake sha. Matsa lemon tsami a kwaɗon zogale, ko cin gwaiba ko lemon zaƙi bayan tuwo, ƙaramin abu ne mai amfani. Amma abinci rigakafi ne. Wadda jininta ya riga ya faɗi a wata na shida ba ta da lokacin da miya za ta ɗago shi kafin haihuwa.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ita ce kowace mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe da miligiram 0.4 na folik asid kullum, a kuma fifita 60 a ƙasar da ƙarancin jini ya kai kashi 40 na masu ciki, kamar Najeriya da Nijar. Idan gwaji ya nuna ta riga ta kamu, sai a ɗaga ƙarfen zuwa miligiram 120 a rana har jinin ya daidaita, sannan a koma adadin rigakafi. Lambar da ke jikin kwali na ruɗa mutane, domin nauyin gishirin ƙarfe ake rubutawa ba na ƙarfen kansa ba. Jar ƙwayar nan ta feros salfet mai miligiram 200 da ake bayarwa a wurin awo na ɗauke da kimanin miligiram 65 na ainihin ƙarfe. Ga 'yan mata da matan da ba su da ciki akwai tsarin sau ɗaya a mako, miligiram 60 na ƙarfe da 2.8 na folik asid, wata uku ana sha, wata uku ana hutawa.

Yadda ake sha na da tasiri kamar abin da ake sha. Ƙwayar ta fi shiga jiki idan ciki ba kowa, da ruwa ko ruwan lemo. Haɗiye ta da shayi da madara a wurin karin kumallo, wanda shi ne abin da ya fi zuwa da sauƙi a gidaje da yawa, na rage amfaninta sosai. Ana so a bar kimanin awa biyu tsakaninta da shayi, nono, ƙwayar kalsiyam da farin maganin ƙwarnafi. Ita ma tana hana wasu magunguna shiga jiki, kamar ciprofloxacin, tetracycline da maganin maƙoƙo na levothyroxine. Idan magani ya kama, himogulobin kan tashi da giram 1 zuwa 2 cikin mako uku zuwa huɗu. A nan ne kuskure ya fi yawa: mutum ya ji ƙarfi ya dawo sai ya ajiye magani, alhali jinin ne kawai ya farfaɗo, ajiyar hanta ba ta cika ba. Likitoci kan ce a ci gaba har wata uku bayan gwaji ya nuna an daidaita. Idan kuma wata guda ya wuce babu motsi, to ko ba a shan maganin, ko jini na zuba ta wani wuri, ko tun farko ba rashin ƙarfe ba ne.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu cewa kashi 31 ne kacal na matan Najeriya suka sha ƙwayar na kwana 90 ko fiye a cikinsu na baya. Dalilan a fili suke. Tana sa tashin zuciya, taurin bayan gida ko gudawa, da ɗanɗanon ƙarfe a baki, kuma tana mayar da bayan gida baƙi. Baƙin nan ba illa ba ne, ƙarfen da hanji bai sha ba ne ke fita, amma macen da ba a gaya mata tun farko ba za ta tsorata ta daina. Wadda ƙwayar ke tayar wa zuciya na iya shanta da ɗan abinci ko lokacin kwanciya barci, domin rabin amfani ya fi babu. Akwai kuma tsoron da ya yi kaka-gida a zukatan mata da surukai, cewa maganin awo na sa jariri ya yi ƙaton da sai an yi tiyata. Abin da bincike ya nuna shi ne yana rage haihuwar jarirai masu ƙarancin nauyi, kuma matsakaicin ƙarin da yake kawowa giram 'yan gomomi ne, wanda bai isa ya hana kai fitowa ba. Minti biyu na bayani a teburin awo na iya yanke hukunci tsakanin a sha magani ko ya ƙare a ƙasan jaka.

Ilimin kansa na ci gaba. A farkon shekarun 2000 aka gano hepsidin, sinadarin da hanta ke fitarwa don rufe ƙofar shigar ƙarfe daga hanji. Yana tashi idan jiki na da ƙarfe isasshe, ko ana zazzaɓi, ko kuma an sha babbar ƙwaya, inda yakan kai kusan awa 24 bai sauka ba. A 2017 masu bincike a Zurich ta ƙasar Suwizalan suka nuna cewa mata masu rashin ƙarfe na shan kaso mafi girma idan suna tsallake rana ɗaya, kuma raba ƙwaya safe da yamma ba ya ƙara komai. Wannan ya sa likitoci da dama suka bar tsohon tsarin sau uku a rana. Sai dai a kan matan da ba su da ciki aka yi wannan aikin, shawarar hukumar ga masu ciki kuma tana nan a kan kullum.

Akwai kuma ƙarfen da ake sawa ta jijiya. An gwada shi a Legas da Kano a binciken IVON, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Bosede Afolabi ta Jami'ar Legas, a kan mata masu ciki 1,056, aka buga sakamakon a 2024. An kwatanta ƙarin ruwa sau ɗaya da shan ƙwaya. A mako na 36 ba a ga babban bambanci ba a yawan masu ƙarancin jini, amma rashin ƙarfe ya ragu sosai a ɓangaren ƙarin ruwa, kuma amfanin ya fi fitowa ga waɗanda rashin ƙarfe ne ainihin matsalarsu. Hanya ce mai kyau ga wadda ta zo awo a makare ko ta kasa jure ƙwaya, sai dai tsada ta hana ta isa ga mafi yawan masu buƙata.

Yara da zazzaɓin cizon sauro

Jaririn da ya cika watanninsa na fitowa da ajiyar ƙarfen da za ta kai shi wata huɗu zuwa shida. Jinkirta yanke cibiya na minti 1 zuwa 3, kamar yadda hukumar ta ba da shawara, na ƙara wannan ajiyar ba tare da an kashe ko kwabo ba. Daga wata shida buƙata ke zarce abin da nonon uwa ke bayarwa, kuma tsararren koko ba ya cike giɓin. Shi ya sa ƙarancin jini ya fi kama 'yan wata 6 zuwa 23.

Kamar magana ta ƙare ke nan, a ba kowane yaro ƙarfe. Amma abin da ya faru a tsibirin Pemba na Zanzibar, a Tanzaniya, ya sa aka ja birki. An shigar da yara sama da 24,000 'yan ƙasa da shekara uku cikin wani babban gwaji a yankin da zazzaɓin cizon sauro ya yi ƙamari. Dole aka dakatar da ba da ƙarfe da folik asid kafin lokaci, domin yaran da ke sha sun fi sauran fuskantar kwanciya asibiti ko mutuwa da kashi 12. An buga sakamakon a 2006. Makamancin gwajin a Nepal, inda zazzaɓin bai yi yawa ba, bai nuna wannan illa ba. Bayanin shi ne ƙwayar cutar ma na buƙatar ƙarfe, haka wasu ƙwayoyin cuta na hanji. Da aka sake duba alƙaluman sai aka ga yaran da ke da rashin ƙarfe na gaske, kuma ake kula da zazzaɓinsu, sun amfana, waɗanda ba su buƙata ne suka cutu.

Matsayar hukumar tun 2016 ita ce a ba yara ƙarfe a irin waɗannan yankuna tare da gidan sauro, gwaji da maganin zazzaɓi a kusa. Adadin shi ne miligiram 10 zuwa 12.5 a rana ga 'yan wata 6 zuwa 23, miligiram 30 ga 'yan shekara biyu zuwa biyar, na wata uku a jere a shekara. Wannan darasi ya shafi arewacin Najeriya da kudancin Nijar kai tsaye, musamman da damina. Yaron da ke da zafin jiki a fara yi masa gwajin zazzaɓi, ba a fara da kwalbar tonik ba. Haka yaron da tamowa ta galabaitar: ba a ba shi ƙarfe a kwanakin farko na jinya, idan kuma ya koma kan haɗin gyaɗar nan na leda da ake bayarwa a cibiyoyin tamowa, ba ya buƙatar ƙari, domin an riga an zuba ƙarfe da zink a ciki.

Folik asid

Folet bitamin ne daga dangin B da kowace ƙwayar halitta ke buƙata kafin ta rabu biyu. Idan ya yi ƙaranci, ɓargo na fitar da manyan jajayen ƙwayoyi marasa ƙwari. Wata likita 'yar Ingila, Lucy Wills, ce ta fara gano bakin zaren a birnin Bombay na Indiya, inda matalautan mata masu ciki ke mutuwa da wani irin ƙarancin jini da ƙarfe ba ya warkarwa. A 1931 ta wallafa cewa Marmite, wani abin shafa wa biredi da ake yi da yis, na warkar da su. A 1941 aka tsamo sinadarin daga ganye a Amurka, a 1945 aka iya haɗa shi a ɗakin gwaji. Ana samunsa a ganyaye, wake, gyaɗa, hanta da lemo, sai dai zafi na lalata shi, miyar ganyen da ta daɗe a kan wuta ta rasa kaso mai yawa.

Babban aikinsa ya bayyana daga baya. Ƙwaƙwalwa da lakar tayi na farawa ne a matsayin wani bututu da ke rufewa cikin kwana 28 da shigar ciki. Idan bai rufe ba, ana haihuwar jariri da ƙulli ko buɗaɗɗen wuri a gadon baya, sau da yawa ƙafafunsa ba sa motsi, ba ya iya riƙe fitsari da bayan gida, wani kuma kansa ya yi ta girma saboda taruwar ruwa. Idan ta sama ne bai rufe ba, ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai ba sa ginuwa, jaririn kuma ba ya rayuwa. A 1991 wani gwaji da Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta shirya ya nuna cewa folik asid ya rage maimaituwar wannan nakasa da kashi 72 ga matan da suka taɓa haihuwar irin wannan jariri. A 1992 bincike a Hungary ya tabbatar da kariyar ga sauran mata. Amurka ta wajabta zuba shi a garin hatsi daga 1998.

Kwana 28 na cika ne a lokacin da mace ke cewa wata ya ɗan wuce mata. A Najeriya kashi 18 ne kawai suka fara awo a watanni ukun farko, in ji binciken 2018, ga kunyar cikin fari da al'adar ɓoye ciki har sai ya fito. Ƙwayar da aka karɓa a wata na biyar na taimakon jini, amma ta makara ga lakar jariri. Abin da ya dace shi ne mace ta fara shan miligiram 0.4 kullum aƙalla wata guda kafin ɗaukar ciki, ta ci gaba aƙalla har mako na 12. A al'ummar da amarya kan samu ciki a shekarar farko, wurin da ya fi dacewa a faɗi wannan magana shi ne inda ake gwajin jini kafin aure. Wadda ta taɓa haihuwar jariri mai wannan nakasa, ko take da ciwon sukari, ko take shan wasu magungunan farfaɗiya, likita kan rubuta mata miligiram 5.

Wannan bambanci na adadi na da muhimmanci a ƙasar sauro. Ƙaramar ƙwayar nan mai ruwan ɗorawa da ta cika kemis-kemis yawanci miligiram 5 ce, fiye da ninki goma sha biyu na abin da mai ciki ke buƙata. Fansidar kuma, wanda ake ba masu ciki wata-wata daga mako na 13 don kare su daga zazzaɓi, yana aiki ne ta hanyar toshe wa ƙwayar cutar hanyar folet. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa miligiram 5 a kullum na karya ƙarfin Fansidar, 0.4 kuwa ba ya yi. Saboda haka ƙwayar da ta haɗa ƙarfe 60 da folik asid 0.4 ta fi dacewa da yawancin masu awo. Masu amosanin jini na cikin waɗanda ake ba folik asid a kai a kai, domin ɓargonsu na aiki ba hutu. Tsofaffi da waɗanda ba sa samun nama, nono ko ƙwai su kuma suna buƙatar a duba musu B12, domin folik asid na iya gyara jinin ya bar lalacewar jijiyoyi na ci gaba a ɓoye.

Zink

Zink ba ya gina himogulobin, don haka ba maganin ƙarancin jini ba ne. Ana ambatonsa tare da sauran biyun saboda abinci ɗaya ke kawo su, faitet ɗaya ke hana su shiga, kuma yaron da ya rasa ƙarfe galibi ya rasa zink. Likita Ananda Prasad ne ya fara bayyana ƙarancinsa a ɗan Adam a 1961, bayan ya ga samari a Shiraz ta ƙasar Iran da suka haura shekara 20 amma jikinsu kamar na 'yan goma, ba su balaga ba, abincinsu gurasa, suna kuma cin yumɓu. Aikinsa a Masar ya tabbatar da cewa zink ne ya yi musu ƙaranci. Jiki na ɗauke da giram 2 zuwa 3, ba ya kuma ajiye shi don gaba. Garkuwar jiki, girma, warkewar rauni, ɗanɗano da fatar cikin hanji duk sun dogara da shi.

Inda amfaninsa ya tabbata sarai shi ne gudawar yara. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a haɗa ruwan gishiri da sukari na ORS da zink: miligiram 20 a rana ga ɗan wata shida zuwa sama, miligiram 10 ga wanda bai kai ba, na kwana 10 zuwa 14. Ana sa ƙwayar a cokali, a ɗiga mata nonon uwa ko tsaftataccen ruwa, ta narke nan take a ba yaro. Yana rage tsawon gudawar da tsananinta, yana kuma rage dawowarta har wata biyu zuwa uku, amma sai an cika kwanakin ko da cikin ya tsaya a rana ta uku. Wasu yaran kan yi amai bayan sun sha, ba shi bayan sun ɗan ci abinci na rage hakan. Abin takaici ne yadda ake barin wannan magani mai araha a tafi ga Flagyl da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ko a ce ai haƙori ne a zauna jira. Ga manya, iyakar da ake ganin ba ta da haɗari ita ce miligiram 40 a rana. Wuce haka na tsawon lokaci na hana jiki shan sinadarin tagulla, rashinsa kuma shi kansa na jawo ƙarancin jini.

Haɗaɗɗiyar ƙwaya, tonik da abinci

A 1999 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsara wata ƙwaya ga masu ciki mai sinadarai 15, ciki har da ƙarfe miligiram 30, folik asid 0.4 da zink 15. Gwaje-gwaje sun nuna ta ɗara ƙarfe da folik asid zalla wajen rage haihuwar jarirai masu ƙarancin nauyi, a 2021 kuma aka sa ta a jerin muhimman magunguna na duniya. Ana kiranta MMS, ta kuma fara shiga wuraren awo a Najeriya. Rigakafi ce, mai ƙarancin jini na buƙatar ƙarin ƙarfe a kanta. Ga yara akwai garin sinadarai na ƙaramar leda da ake barbaɗawa a abincin da ya huce.

Kwalaben tonik da ke kasuwa sun bambanta ƙwarai. Wasu na da ƙarfe isasshe, wasu kaɗan ne, kusan dukansu sun fi ƙwaya tsada, na ruwan kuma na iya ɓata haƙori. Haɗin lemon malt da madara da ake yi wa mai jego ko wanda ya ba da jini na ba da kuzari saboda sukari, amma madara ba ta da ƙarfen kirki, kalsiyam ɗinta ma na tare hanya. Jan launin zoɓo ma ba shi da alaƙa da himogulobin. Najeriya ta wajabta ƙara sinadarai a fulawa, sukari da man girki tun 2002, sai dai gidan da ke kai geronsa inji ba ya cin moriyar wannan doka. Shi ya sa irin geron Chakti mai yawan ƙarfe da zink, wanda cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta samar aka kuma fitar wa manoman Nijar a 2018, ke da muhimmanci ga karkara.

Waɗanda ya kamata su yi hattara

Jiki ba shi da hanyar fitar da rarar ƙarfe, abin da ya shiga ya zauna a hanta da zuciya. Mai amosanin jini, musamman wanda ake yi wa ƙarin jini a kai a kai, bai kamata ya sha ƙarfe ba sai gwaji ya nuna ya rasa shi, duk yadda idonsa ya dashe. Namiji baligi ko macen da ta daina al'ada idan aka same su da rashin ƙarfe, aikin farko shi ne neman inda jini ke zuba, domin yana iya zama alamar gyambon ciki ko sankarar hanji. Wanda ke haki yana zaune, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko ya suma, asibiti yake buƙata a ranar, wataƙila ma ƙarin jini.

Haɗari mafi gaggawa na cikin ɗaki. Jar ƙwayar ƙarfe na kama da alewa, tana kuma yawo a jakar uwa ko kan madubi. Miligiram 60 a kan kowane kilo na nauyin jiki na iya yin mummunar illa, wato ƙwaya goma sun isa su jefa yaro mai kilo 10 cikin haɗarin mutuwa. Yakan fara da amai, ciwon ciki da gudawa, wani lokaci da jini, sannan ya yi kamar ya warware na wasu awoyi kafin hanta ta fara gazawa. A ajiye maganin inda hannun yaro ba ya kai. Idan kuma ya haɗiya, a garzaya da shi asibiti tare da kwalin nan take, ko da yana wasa kamar ba abin da ya same shi.